Kundin Jinyar Bayana, Afrilu zuwa Yuli 2025

Litinin, 7 ga Afrilu 2025, Aboabo, Kumasi

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda jinyar bayana ke tafiya, da abin da na kashe, da abin da ya yi amfani ko bai yi ba, saboda ciwon da ya daɗe a jiki yakan rikita mai shi har ya kasa tuna ko wannan mako ya fi na baya sauƙi. Sana'ata ɗinki ce, na haura shekara ashirin ina zaune a gaban keke, da farko na ƙafa, yanzu kuma na lantarki. Ciwon yana ƙasan baya ne, daidai inda ƙugun wando ke zama, ya fi tsanani a ɓangaren dama, kuma ya shiga shekara ta uku bai taɓa barina gaba ɗaya ba. Da asuba bayan yakan sage, sai na dafa bango kafin in yi ruku'u, idan kuma na zauna kan keke kamar rabin awa, tashi tsaye sai a hankali. Shiga torotoro, wato ƙaramar motar haya, zuwa kasuwar Kejetia sayo yadi ya zama abin da nake fargaba, domin duk ramin da mota ta faɗa a ƙuguna nake jin sa.

Kafin yau na gwada man zafi, da gashi da ruwan zafi, da ƙaho a wurin wanzami, na ɗaura bel irin mai faɗin nan da ake sayarwa a kasuwa, na kuma sha ƙwayar rage ciwo ta diklofenak daga kemis fiye da yadda cikina ke so. Kowannensu yakan ba ni sauƙin yini ɗaya ko biyu. Ɗinkin ƙaramar Salla da muka gama makon jiya ne ya ƙarasa ni, shi ya sa na yanke shawarar ba wa wannan al'amari wata uku cur, in bi shi da tsari. Abin da nake nema shi ne in yi salla a tsaye ba tare da dafa komai ba, in iya aikin yini, in kuma rabu da shan ƙwaya kullum.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ɗiyata, wadda ke karatun aikin jinya, ita ta dage cewa kafin kowa ya taɓa mini baya da hannu sai likita ya fara duba ni. Ta ce, "Baba, ciwon baya iri-iri ne, akwai wanda tausa ba ta da hurumi a cikinsa." Yau na tafi asibiti da katin inshorar lafiya.

Tambayoyin da likitan ya yi sun fi gwajin da ya yi yawa. Ya tambaye ni ko ina zazzaɓi ko gumin dare, ko na rame ba dalili, ko na taɓa yin tarin fuka ko ciwon daji, ko ina da sikila, ko fitsari da bayan gida suna kuɓuce mini ko suna ƙin fita, ko na daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko ƙafa tana mutuwa ko tana ja a ƙasa. Ya bayyana mini cewa tarin fuka yana iya kama ƙashin baya, kuma idan jijiyoyin da ke can ƙarshen laka suka matse har fitsari ya rikice, wannan aikin gaggawa ne na ranar, ba a kwana da shi. Alhamdu lillahi ba ni da ko ɗaya daga ciki. Ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, ya buga gwiwa da ɗan gudumarsa, ya sa na yi tafiya a kan dunduniya da kan yatsu.

Abin da ya faɗa shi ne ciwona yana cikin irin wanda ba a iya nuna wa wani ƙashi ko wata jijiya guda a ce ga mai laifi, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon ƙasan baya haka yake. Duk ciwon da ya wuce wata uku ana lissafa shi cikin mai daɗewa. Na nemi a yi mini hoton ƙashi, ya ce a halin da nake ciki hoton ba zai canza maganin ba. Raina bai so wannan amsa ba, domin mutum yana son ya ga abin da ke damunsa da idonsa, amma ya rubuta mini takardar zuwa sashen fisiyo, inda ake jinya ta hanyar motsa jiki da atisaye, ya kuma ce in rage diklofenak saboda yana cin ciki yana kuma wahalar da ƙoda idan aka daɗe a kansa. Da dare ɗiyata ta karanta mini alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu wata lalura da ta fi shi hana mutane aiki a duniya. Idan na dubi telolin layinmu da mata masu dako a Kejetia, ban ga abin musu a ciki ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Layin sashen fisiyo sai mako mai zuwa, saboda haka yau na je wurin mai aikin kairofiraktik da wani abokin cinikina ya yaba mini. Su ne masu gyaran gaɓoɓin ƙashin baya da hannu, ba sa ba da ƙwaya kuma ba sa tiyata. Sana'ar ta samo asali ne a Amurka a 1895, a garin Davenport na jihar Iowa, a hannun wani mai suna Daniel David Palmer, wanda ya ɗauka cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke fitowa. Wannan faffaɗan iƙirari ilimin likitanci bai tabbatar da shi ba. Abin da bincike ya nuna ya fi wannan ƙanƙanta, wato murɗa gaɓoɓin baya da hannu yana rage ciwon ƙasan baya daidai gwargwado, kusan yadda sauran hanyoyin da ake ba da shawara a kansu ke ragewa. Da wannan sani na shiga, na kuma nemi ganin takardun karatunsa da lasisinsa, ya nuna mini ba tare da ɓata rai ba.

Ya ɗauko wani ƙashin baya na roba ya lissafa mini: bakwai a wuya, goma sha biyu a gadon baya inda haƙarƙari ke kamawa, biyar a ƙugu, sannan waɗanda suka haɗe a ƙasa. Tsakanin kusan kowane biyu akwai faifan guringuntsi, a bayansu kuma akwai ƙananan gaɓoɓi biyu, kuma a kan waɗannan gaɓoɓi ne aikinsa yake. Ya bi bayana da yatsa har ya tsaya a kan na huɗu da na biyar na ƙugu, inda na ji zafin sosai. Sai ya kwantar da ni a gefe, ya lanƙwasa ƙafar sama, ya sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a kwankwaso, ya ce in saki numfashi, ya danna da sauri sau ɗaya. Na ji ƙas, kamar an ƙyasta yatsa. Na tambaye shi ko ƙashin ne ya koma mazauninsa, ya gaya mini gaskiya cewa iska ce a cikin ruwan gaɓar take yin wannan ƙara idan aka buɗa gaɓar da sauri. Wannan amsa ta ƙara masa daraja a idona.

Da na sauko daga gadon na sunkuya har hannuna ya wuce gwiwa, abin da na daɗe ban yi ba. Ya so ya murɗa mini wuya ma, na ce a bar shi, domin wuyana lafiya yake, kuma an san cewa murɗa wuya, ko da yake ba kasafai ba, yakan iya yaga jijiyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa. Na biya sidi 350, kuɗin Ghana, na ganin farko, kowane zuwa na gaba kuma 250. Magatakardarsa ta kawo mini tsarin zuwa 24 da za a biya a dunƙule da rangwame. Na ce zan yi shawara.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Daren Talata jikin ya yi tsami, Laraba kuwa na yi ta cikin sauƙin da har yaran shago suka lura. Zuwa la'asar ɗin jiya sagewar ta fara dawowa, yau a masallacin Juma'a na koma dafa gwiwa wajen tashi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Jiya na koma wurin mai kairofiraktik, yau kuma na ga likitar fisiyo, kuma a nan ne na fara fahimtar dalilin da ya sa sauƙin ba ya zama. Ta sa na kwanta rub da ciki, ta ɗora yatsunta a gefe biyu na ƙashin ƙuguna, ta ce in ɗan ɗaga hannun hagu, sannan na dama. A ɓangare ɗaya ta ji tsokar ta cika a ƙarƙashin yatsanta, a ɓangaren da ke ciwo kuwa da ƙyar ta motsa. Ta ce sunan tsokar maltifidus, ƙananan tsokoki ne da ke manne da ƙashin baya can ciki, kowace tana tsallake ƙashi biyu zuwa huɗu, aikinsu shi ne riƙe kowace gaɓa kada ta yi lilo yayin da manyan tsokoki ke ɗaga jiki. Masu bincike a Ostareliya sun gano tun shekarun 1990 cewa wannan tsoka tana ƙanƙancewa a ɓangaren da ciwo yake, kuma ko ciwon ya lafa ba lalle ta dawo da kanta ba. Akwai kuma wata tsoka a can cikin ciki da ke zagaye ƙugu, wadda ya kamata ta ɗaure kafin mutum ya motsa hannu ko ƙafa, amma a wurin masu daɗaɗɗen ciwon baya an ga tana makara.

Yadda ta kwatanta mini, ƙashin baya tamkar sandar rumfar biki ne wadda igiyoyi ke riƙe da ita ta kowane gefe, idan igiyar gefe ɗaya ta saki, miƙar da sandar da hannu ba zai hana ta sake karkacewa ba. Ta ƙara da cewa tsoro ma yana da hannu a ciki: ciwo yana sa mutum ya daina motsi, rashin motsi yana raunana tsoka, raunin kuma yana sa ƙaramin aiki ya tayar da ciwo. Ta ce in cire bel ɗin nan, domin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 ba su goyi bayan bel ba, haka nan jan baya da na'ura da magungunan dangin tiramadol. Abin da suka amince da shi ya haɗa da motsa jiki, da ilmantar da majinyaci, da tausa, da gyaran gaɓoɓi da hannu. Na ji daɗin cewa ba ta kushe mai kairofiraktik ba, ta ce in ci moriyar kwanakin sauƙin da yake ba ni wajen yin atisaye.

Atisayen da ta koya mini ba su buƙatar kayan aiki. Na farko, in durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, in miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, in riƙe daƙiƙa 10 ba tare da ƙugu ya karkata ba, sannan in sauya. Na biyu, in kwanta rigingine in lanƙwasa gwiwoyi in ɗaga kwankwaso sama. Na uku, in kwanta a gefe in tokare da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa in ɗaga ƙugu daga ƙasa. Wannan na ukun a ɓangaren dama ban kai daƙiƙa 6 ba jikina ya ɗauki rawa. Ta ce babu wani atisaye guda da aka tabbatar ya fi sauran, wanda mutum ya iya ɗorewa a kansa shi ne nasa. Katin inshora ya ɗauki wannan zuwa. Na sayi shimfiɗar roba sidi 90 a hanyar dawowa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Atisaye bayan sallar asuba da kuma kafin isha'i. Cinyoyi da gefen ciki sun yi tsami, amma tsamin aiki ne, ya bambanta da ciwon da na sani. Na ajiye bel.

Asabar, 3 ga Mayu

Yau kafinta ya zo shago. Teburin yanka ya yi mini ƙasa tun ranar da na saye shi, kullum a sunkuye nake riƙe da almakashi, saboda haka ya ƙara masa ƙafa har ya kai ƙasa kaɗan da gwiwar hannuna idan ina tsaye. Bencin da nake zama a kai ba shi da majingina, ya yi mini kujera mai baya, aka kuma ɗinka ɗan matashi da ke cika ramin ƙugu. Kafinta ya karɓi sidi 180, soso da yadin matashi 70. Na matsar da dutsen guga zuwa can ƙarshen shago da gangan, domin duk ɗinkin da na gama ya tilasta mini tashi in taka. Likitar fisiyo ta ce babu wani zama guda da ya fi kowane kyau, daɗewa a zama ɗaya ne ke cutarwa, don haka na sa babban yarona ya riƙa tuna mini duk rabin awa. Yakan ce, "Maigida, lokaci ya yi," ni kuwa in miƙe ko da ina tsakiyar wuyan riga.

Litinin, 12 ga Mayu

Na ƙara tafiya a ƙafa cikin tsarin. Bayan asuba nakan bi titi daga Aboabo zuwa wajen shataletalen filin jirgi in dawo, kafin motoci su cika hanya, idan kuma ruwa ya sauko, tunda damina ta kankama, sai in yi zagaye a barandar masallaci. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne wani bincike da aka buga a 2024 daga Jami'ar Macquarie ta Ostareliya, inda aka bi mutum 701 da suka warke daga ciwon baya. Waɗanda aka sa su tafiya a ƙafa a kai a kai tare da ba su shawara sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwo mai hana aiki ya dawo musu, sauran kuwa kwana 112. Binciken bai ce ciwon ba ya dawowa ba, ya ce yana jinkiri, kuma ga mai sana'ar hannu wannan jinkiri abinci ne.

Makon jiya mai kairofiraktik ya sake kawo maganar hoto, yana so in yi na MRI, wato hoton da ke nuna nama da guringuntsi ba ƙashi kaɗai ba, domin a ga faifan guringuntsin. Na kai maganar wurin likitar fisiyo, sai ta ce hoton yana da amfani idan ƙafa ta fara rauni ko ana tunanin tiyata, amma a yi hattara da abin da yake nunawa, domin wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan ya sami alamun tsufan faifai a kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Ke nan idan aka ɗauki hotona a shekaruna kusan tabbas za a ga wani abu, kuma ba lalle shi ne ke yi mini ciwo ba. Na bar maganar hoto a nan.

Tokarar gefe ta kai daƙiƙa 20 a hagu, 15 a dama. Rabona da diklofenak tun farkon wata.

Talata, 20 ga Mayu

Sallolin yau duka a tsaye na yi su ba dafa bango. Na je Kejetia na dawo a torotoro, na ji ƙugun amma bai hana ni aiki ba. Ɗinkin babbar Salla ya fara taruwa, shaddodi sun cika kanta.

Litinin, 2 ga Yuni

Wannan shi ne koma baya mafi muni tun da na fara, kuma zan rubuta shi dalla-dalla domin in gane yadda ya zo. Tun daga makon ƙarshe na Mayu aiki ya rufe mu. Duk tela ya san yadda kwanakin nan suke: wanda ya kawo yadi da wuri yana jira, wanda ya kawo a makare yana roƙo, wutar lantarki kuma idan ta zo da dare dole a bi ta. Muka koma kwana a shago. Tafiyar asuba ta tsaya saboda lokacin ne nake samun ɗan barci, atisaye ya koma sau ɗaya sannan ya tsaya, kiran da yarona ke yi duk rabin awa kuma ya zama ina amsa masa da "bari in ƙarasa wannan".

Daren Alhamis, wajen ƙarfe ɗaya, na sunkuya in ɗauki ƙunshin shadda da ke ƙasa a gefen dama, ina zaune ina murɗe da jiki. Nauyinsa bai kai na bokitin ruwa ba. Wani abu ya kama ni a ƙugu, numfashina ya tsaya, na kasa miƙewa na kuma kasa komawa zaune. Yara biyu ne suka kwantar da ni a kan tabarma. Tsokar gefen dama ta ɗaure tamau, jikina ya karkace zuwa hagu, ko tari na yi sai na ji shi har cikin ƙashi. Na kira ɗiyata, ta bi ni da tambayoyin nan na likita ɗaya bayan ɗaya: "Baba, kana jin ƙafafunka? Ka yi fitsari? Motsa babban yatsa in ji." Duk lafiya, ciwon bai sauka ƙasa da gwiwa ba. Ta ce in kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, a gasa wurin, da safe kuma in yi ƙoƙarin tashi in taka ko da daga gado zuwa ƙofa ne, saboda doguwar kwanciya tana ƙara sagewa.

Da gari ya waye wani matashi da ke zama kusa da shagon ya zo gaishe ni, ya ce, "Baba, akwai wata ƙwaya, ɗaya tak za ka sha ka ƙarasa ɗinkinka." Ya fito da tiramadol mai lamba 225. Na san abin da wannan ƙwaya ta yi wa 'ya'yanmu a zango, na kuma san cewa wanda hukumar kula da magunguna ta ƙasar nan ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da 100, shi ma sai da takardar likita. Na yi masa godiya a kan niyyarsa, na kuma yi masa nasiha gwargwadon yadda mai kwance zai iya. Abin ya tsaya mini a rai fiye da ciwon, domin na tabbata akwai telolin da a wannan mako da irin wannan ƙwaya suke ƙarasa aikinsu.

Likita ya yarda in sha maganin rage kumburi na 'yan kwanaki bayan cin abinci. Kaftani da manyan riguna da suka rage na raba wa wasu teloli biyu a Asawase, na biya su sidi 600 daga kuɗin ɗinkin, na kira masu kayan ɗaya bayan ɗaya na gaya musu halin da ake ciki. Wani dattijo da na daɗe ina yi wa ɗinki ya ce, "Malam, riga ba ta fi mai ɗinka ta ba, Allah Ya ba ka lafiya." Wasu kuwa ba su ji daɗi ba, kuma suna da hujja.

Laraba, 4 ga Yuni

Jiya aka kai ni wurin mai kairofiraktik. Da ya ga yadda tsokar ta ɗaure bai yi dannawar nan mai ƙara ba, ya yi tausa, ya riƙa motsa gaɓoɓin a hankali, na fito karkacewar ta ragu. Yau ina takawa a tsakar gida, ina kuma yin ɗaga kwankwaso kaɗan kaɗan.

Litinin, 9 ga Yuni

Sallar idi a kan kujera na yi ta, a ƙarshen sahu tare da tsofaffi. Limamin unguwarmu ya tuna mini abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Imrana ɗan Husaini lokacin da yake jinya, cewa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ragon layya ƙanena ne da yara suka kayar suka riƙe, ni na yanka kawai.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin lafawar. Bara irin wannan kamu ya kwantar da ni kusan wata guda, wannan karon tun kafin mako ya zagayo na fara fita. Likitar fisiyo ta ce irin wannan tashin ciwo yana cikin tafiyar, ba ya nufin wani abu ya karye ko aikin baya ya rushe. Ta mayar da ni rabin inda nake, ta kuma koya mini ɗaukar kaya daga ƙasa: in tashi daga kujera, in fuskanci kayan, in lanƙwasa gwiwa da kwankwaso, in jawo shi kusa da jiki.

Asabar, 21 ga Yuni

Yau muka yi doguwar magana da mai kairofiraktik a kan tsarin zuwa 24. Ra'ayinsa shi ne in riƙa zuwa kowane mako ko ina jin ciwo ko ba na ji, ya kuma ambata cewa gyaran yana taimaka wa hawan jini da narkewar abinci. A nan muka rabu. Na duba abin da na rubuta tun Afrilu, na ga kowane zuwa yana ba ni sauƙin yini biyu zuwa uku, kuma wannan sauƙi na gaske ne, shi ya ba ni damar fara atisaye lokacin da ko durƙuso wuya yake yi mini, shi ne kuma ya sassauta mini bayan kamun nan. Amma ci gaban da ya zauna ya bi makonnin da nake tafiya da atisaye ne, ya kuma zube a makon da na bar su, alhali a wannan lokaci ban daɗe da zuwa wurinsa ba. Maganar hawan jini kuwa, ina da maganin da likita ya rubuta mini, kuma ba zan sassauta shi saboda an danna mini baya ba.

Na gaya masa zan riƙa zuwa idan bayan ya riƙe, in biya na ranar. Bai ji daɗi sosai ba, amma ya karɓa da mutunci, har ya gyara mini yadda nake ajiye kafaɗa a tokarar gefe. Duk wanda ya tambaye ni a unguwa zan ce ya je idan yana da hali, bayan likita ya duba shi, musamman tsofaffi masu raunin ƙashi waɗanda dannawa mai ƙarfi ka iya yi wa illa, kuma kada ya biya kuɗin watanni a gaba.

Asabar, 5 ga Yuli

Wata ukun da na ɗiba sun cika. Ciwon bai tafi ba, yana nan da asuba na ɗan lokaci da kuma ranar da na daɗe a mota, amma ina salla a tsaye, ina aikin yini, kuma ƙwayar rage ciwo da na sha tun farkon Mayu ita ce ta makon kamun nan kawai. Tokarar gefe ta kai daƙiƙa 30 a hagu, 25 a dama, likitar fisiyo kuma ta ce tsokar dama ta fara amsawa a ƙarƙashin yatsanta, ko da yake ba ta kai ta hagu ba.

Kuɗin da suka fita: kairofiraktik sidi 1,350, kafinta da matashi 250, shimfiɗa 90, magani 85, kuɗin mota kimanin 160, jimla 1,935, ban da 600 da na biya telolin Asawase.

Mataki na gaba zai kai ƙarshen Satumba. Za a fara ƙara mini nauyi, in riƙa ɗaga galan mai ruwa daga ƙasa zuwa tsaye, a fara da lita 5 a riƙa ƙarawa, tokarar gefe kuma ta koma kan ƙafa maimakon gwiwa. Zan sa kafinta ya yi kanta a bango daidai ƙugu domin kada a sake ajiye ƙunshin yadi a ƙasa, ya ce zai ci kamar sidi 400. Na kuma gaya wa yaran shago cewa azumi mai zuwa za mu rufe karɓar ɗinki tun ranar goma ga wata, kuma zan nemi tela ɗaya na wucin gadi tun kafin a ga wata. Komawata wurin likitar fisiyo ranar Laraba ce, 23 ga Yuli.